Zuwa Jinja, Inda Ake Shiga Haukan Kogin Nilu Da Shiri

Duk Bahaushen da aka nuna wa bidiyon mutum a cikin wani ɗan mitsitsin kwale-kwale na roba, ruwa fari fat yana wurgi da shi tsakanin duwatsu, kalmar da za ta fara fita daga bakinsa ita ce ganganci. Wani ma zai ƙara da cewa ƙoshi ne ya yi wa masu abin yawa. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma hanyar gane haka ita ce a bi sawun tafiyar da ƙungiyoyin masu wannan wasa ke yi zuwa Jinja ta ƙasar Yuganda, tun daga shirin tashi har komawa gida, a duba abin da suke yi a kowane zango. Wanda ya bi su da idon basira zai lura cewa mutanen da ke shiga ɗaya daga cikin ruwaye mafiya hauka a nahiyarmu ba kasafai ruwan ke cin su ba, alhali mu da muke hawa kwantaccen ruwa don zuwa kasuwa ko biki, kowace damina sai mun yi jana'izar mutane da yawa. Idan haka ne, ashe abin da ke raba mai tsira da mai nutsewa shi ne shiri da tsarin jama'ar da suka shiga ruwan tare, kafin a zo maganar ƙarfin ruwan.

Tafiyar takan fara ne watanni kafin a sayi tikiti, a wurin ninkaya na cikin gari ko a wani ƙaramin rafi kusa da gida. Ƙungiyoyin, waɗanda da yawansu na jami'o'i ne da na garuruwan Turai, suna haɗuwa mako-mako don atisaye. Jirgin da suke tuƙawa, kayak, asalinsa na mafarautan yankin ƙanƙara ne na can arewacin duniya, waɗanda ke haɗa shi da fatar dabbar teku. Na yanzu da roba mai tauri ake yin sa, tsawonsa mita biyu ne zuwa biyu da rabi ko ɗan sama da haka, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Matuƙin yakan zauna ya miƙe ƙafafu a ciki, ya ɗaura wani marfin roba a ƙugu wanda ke toshe bakin jirgin, ya riƙe filafili mai baki biyu. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne yadda zai fita idan jirgi ya kife da shi. Daga nan sai yadda zai juyo da jirgin sama yana zaune a ciki, da bugun filafili ɗaya da murɗa ƙugu, sannan yadda zai jefa wa ɗan'uwansa igiya daga gaɓa ta sauka daidai ƙirjinsa. Akwai kuma ma'auni da aka yarda da shi a ko'ina, daga mataki na 1, ruwa mai gudu marar tsanani, zuwa mataki na 6, wanda ko ƙwararru sukan kewaye shi a ƙasa. Shugabannin ƙungiya sun san matakin kowane ɗan ƙungiya, kuma wanda bai ƙware a na 3 ba, ba za a sa shi a na 5 ba ko da shi ya fi kowa kuɗi. Wannan tantancewa ta gida ita ce kariyar farko, kuma ko kwabo ba a kashewa a kanta.

Maganar takardu ba ta da tsawo: biza ta intanet dala 50, sai katin rigakafin cutar shawara. Mai tashi daga Kano yakan bi ta Adis Ababa ya sauka Entebbe, inda masu zuwa daga Turai su ma suke sauka, wasu janye da jiragensu a naɗe cikin buhu, wasu kuma hannu rabbana da niyyar yin haya a Jinja. Entebbe a bakin Tafkin Biktoriya take, tafki mafi girma a Afirka, kuma ƙasar tana sama da teku da fiye da mita 1,100, shi ya sa baƙon da ya baro zafin bazara yakan ji iskar ta yi masa sanyi ko da yake yana dab da tsakiyar duniya. Kilomita 40 ne zuwa Kampala, sannan wajen 80 daga Kampala zuwa Jinja, amma cunkoson manyan motocin da ke jigila tsakanin Yuganda da tashar ruwan Mombasa yakan mai da wannan gajeriyar hanya ta cinye awa uku ko fiye. A hannun hagu ake tuƙi, irin yadda muke yi a Najeriya kafin 1972. Bayan Mukono akwai Namawojjolo, zangon da ya yi suna da gasasshiyar kaza a tsinke da gasasshiyar ayaba. Da mota ta tsaya masu talla za su yanyame tagogi, kamar dai a Tafa ko Kwanar Dangora, sai dai waɗannan suna sanye da riguna iri ɗaya na ƙungiyarsu, ta yadda mai saye ya san daga inda abincinsa ya fito. Daga nan sai gonakin rake na Lugazi, sai dajin Mabira, inda itatuwa ke haɗe kai a saman titi, sai kuma sabuwar gadar da aka buɗe a 2018, mai tsawon mita 525, wadda ke ɗaukar matafiyi daga ƙasar Buganda ta sauke shi a ƙasar Busoga. A ƙarƙashin gadar Nilu na tafiya shiru, babu alamar abin da zai zama nan da kilomita goma sha wani abu.

Jinja gari ne mai faɗaɗan tituna da tsofaffin shagunan Indiyawa, waɗanda suka riƙe kasuwancinsa har Idi Amin ya kore su a 1972. A nan kogin ke fita daga tafki ya nufi arewa, ya ratsa Sudan ta Kudu har Khartum, inda yake gamuwa da ɗan'uwansa mai gangarowa daga Habasha, wanda a gaɓarsa ne garin Mai Wurno na jikokin muhajiranmu yake. Baturen nan John Speke ya iso mafitar a 1862, amma magangarar da ya gani ta nutse tun da aka kammala madatsar Owen a 1954. Masu kayak ba su cika kwana a cikin gari ba. Sukan wuce Bujagali, wajen kilomita 8 arewa, inda masaukai ke jere a kan tudu suna kallon ruwa. Mai son araha ya kafa tanti a kan ciyawa da 'yan daloli kaɗan, mai ɗan hali ya kama gado a ɗakin haɗaka ko bukka ta shi kaɗai. Ya kamata Musulmi ya san cewa yawancin waɗannan wurare suna da mashaya da kiɗan dare, don haka gara ya nemi ɗaki nesa da hayaniyar. Masallatai ba su da wuyar samu a Jinja da ƙauyukan Busoga, kuma bisa daɗaɗɗiyar al'adar ƙasar Musulmi ne ke yanka a mafi yawan mahauta.

Abincin bakin hanya da kowa ke fara sani shi ne rolex, wainar ƙwai da tumatir da albasa da kabeji da ake naɗewa cikin faifan gurasar alkama soyayya da suka gada daga Indiyawa. Bai kai dala ɗaya ba, a ƙasar da dala ke yawo tsakanin shilin 3,500 da 3,800 a 'yan shekarun nan, kuma shi ne shayi da burodinsu na safe. Babban abincin gida kuwa matoke ne, ɗanyar ayaba da ake turarawa cikin ganyenta a kirɓa, a ci da miyar gyaɗa. Akwai tuwon masara da suke kira posho, wanda ya fi namu tauri, da wake, da karfasa soyayya, da giwan ruwa, kifin nan dai da ake fafatawa a kansa a Argungu, wanda aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya hayayyafa har ya kusa ƙarar da ƙananan kifayen wurin. Bahaushe zai nemi yaji ya rasa, gara ya taho da ƙullinsa. Wajen karɓar baƙo kuwa ba za a ji baƙunta ba. Gaisuwarsu doguwa ce, ana tambayar kwana da gida da aiki, mata da yara suna durƙusa wa manya, kuma wanda ya faɗa wa mutum da buƙata ba tare da gaisuwa ba an ɗauke shi marar tarbiyya. Inda farashi ke tsalle shi ne a kan ruwa: yini ɗaya a babban jirgin roba mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas ya haura dala 100, abin da ya fi kuɗin abincin baƙo na mako guda idan a ƙauye yake ci. Wani kaso na wannan kuɗi na masu ceto ne da ke rakiyar kowane jirgi, kuma za a ga amfaninsu tun a safiyar farko.

Ana shiga ruwa a ƙasan madatsar Bujagali, amma babu mai taɓa ruwa sai an yi da'ira a gaɓa. Jagora zai ƙirga mutane da babbar murya, ya duba hular kwanon kowa da rigar kariyarsa, ya kama kafaɗar rigar ya fizga sama don ya tabbata ba za ta zame ta kai ba. Zai faɗi wanda zai shige gaba da wanda zai tsaya a ƙarshe, kuma na ƙarshen nan yakan kasance cikin mafiya ƙwarewa, domin shi ne mai tsintar duk wanda ya faɗi. Za a maimaita alamun hannu, tun da rugugin ruwa ba ya barin a ji magana: dafa kai da hannu na nufin lafiya lau, nuni kuma kullum zuwa hanyar tsira ake yin sa, ba a nuna wurin haɗari don kada mai firgici ya nufi can. Ruwan Nilu a nan ɗumi gare shi, mai zurfi ne, kuma yawansa bai dogara da damina sosai ba, ya fi dogara da abin da madatsu suka saki, shi ya sa ake zuwa kowane wata na shekara. Tsarinsa shi ne gangare mai hauka, sai doguwar kwanciya, sai wani gangaren. Wannan kwanciyar ce ke ba da damar tattara wanda ya kife da jirginsa da filafilinsa kafin a kai na gaba, kuma a kowace kwanciya sai an sake ƙirga. Abin da mai kallo daga tudu ke gani farin kumfa kawai, matuƙi yana karanta shi dalla-dalla. Akwai santsin ruwa mai siffar harshe da ke nuna ƙofar shiga. Akwai lafaffen ruwa a bayan kowane dutse, inda ake fakewa a huta a hango gaba. Akwai kuma rami, inda ruwa ya faɗo daga kan dutse ya naɗo baya, yana juya duk abin da ya kama kamar yadda ludayi ke juya fura a ƙwarya. Sanin wane rami ne zai tofar da mutum, wane ne zai riƙe shi, ilimi ne da ake ɗaukar shekaru ana tarawa.

Wurin da ya fi nuna halin ƙungiya shi ne Itanda, wajen kilomita 30 daga Jinja, inda tsibirai suka raba kogin gida uku, kowanne da haukansa: Itanda, Kalagala, da na ukun da Turawa suka laƙaba wa Hypoxia, wanda ake lissafawa a mataki na 6. Tun daga nesa ake jin rugugin. A nan kowa yakan fito ya ja jirginsa gaɓa, a taka a ƙasa zuwa kan duwatsu a tsaya ana nazari, wani lokaci fiye da rabin awa. Masu niyyar shiga za su nuna wa juna layin da za su bi da yatsa, su faɗi abin da za su yi idan layin ya kuɓuce. Za a girke masu igiya inda igiya za ta yi amfani, a tura jirage biyu ko uku su jira a ƙasa, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya, ba a sakin na biyu sai na farko ya dafa kai. Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne matsayin wanda ya duba ya ce yau ba zai shiga ba. Zai saɓi jirginsa a kafaɗa ya bi ta hanyar ƙasa ya tari sauran a gaba, kuma ƙa'idar ƙungiya ta hana a yi masa gori. Manyan jiragen roba masu ɗauke da 'yan yawon buɗe ido ma kewaye saman Itanda suke yi, su shiga daga ƙarshensa kawai. A namu mashigan kuwa, fasinjan da ya dubi lodi ya ce zai sauka shi ake yi wa dariya, a ce masa matsoraci, ko a tambaye shi ko shi ya fi kowa son ransa. Al'ummar da ta mai da janyewa abin kunya ta riga ta toshe wa kanta ƙofar tsira mafi sauƙi.

Mai cewa wannan wasan Turawa ne, bai dubi waɗanda ke jira a ƙasan gangaren ba. Tun da aka fara harkar a 1996, samarin ƙauyukan bakin kogin suka shiga, da farko a matsayin masu dakon jirage, yau kuma su ne jagorori da masu ceto, su ne ke gaya wa baƙon da ya zo daga London inda zai bi. A 2015 tawagar Yuganda, har da mace a cikinta, ta je gasar duniya a Kogin Ottawa na Kanada. Kafin wannan zamani, abin da wasu samarin Bujagali ke yi don samun na abinci shi ne su rungumi jarka su faɗa gangaren a gaban 'yan kallo a ba su ɗan abin da ya samu. Ƙarfin hali ɗaya ne a jikin mai jarka da mai kayak, kogin ma ɗaya ne, abin da ya ƙaru shi ne hula da riga da horo da abokan da ke jira a ƙasa. Mu ma ba baƙin ruwa ba ne. Sarkawan Kabi da Yawuri sun san kogi ciki da bai, kuma wanda ya ga wasannin kabanci a Matan Fada lokacin bikin Argungu, tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da su da hannu, ya san gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Muna ma da sarautar Sarkin Ruwa, wanda a al'ada ba a shiga sai da izininsa. Abin da ya ɓace shi ne wannan iko na cewa a'a a ranar kasuwa, lokacin da kuɗin fito ke shigowa.

Ba sai an yi nisa da Jinja ba za a ga hujjar. Tafkin da Nilu ke fitowa daga cikinsa kwance yake, babu gangare ko ɗaya, amma a Satumbar 2018 jirgin fito MV Nyerere ya kife a ɓangaren Tanzaniya dab da gaɓa, mutum fiye da 200 suka mutu, kuma lodi ne ya kifar da shi. Wata biyu bayan haka wani jirgin shaƙatawa ya nutse a ɓangaren Yuganda, kusa da gaɓar Mukono, ya ci fiye da mutum 30. Namu kuwa mun san su da sunayen garuruwa. A Mayun 2021 jirgin da aka ce yana ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse a kusa da Warra ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka fita. A Nuwamban wannan shekarar aka rasa aƙalla mutum 29 a Bagwai ta jihar Kano, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka nutse a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. Idan aka jera bayanan da suka biyo bayan waɗannan musibu, abubuwa huɗu ne ke ta dawowa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya. Sau da yawa ma ba a san adadin waɗanda suka hau ba, sai dai a bi gida-gida ana tambayar wanda bai dawo ba. Kowanne daga cikin waɗannan, ƙungiyar kayak ta riga ta kashe maganarsa a da'irar safiya kafin a jiƙa ƙafa.

Za a ce ai masu kayak ma suna mutuwa, kuma gaskiya ne. Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu da ya zauna a Yuganda kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin Nilu, kada ne ya fizge shi daga jirginsa a Kogin Lukuga na Kwango a Disambar 2010, yana tsakiyar abokan tafiyarsa. Shiri ba ya hana ajali, kuma babu mai hankalin da zai ce yana hanawa. Za a kuma ce addini ya hana mutum kai kansa ga halaka, to me zai kai shi ruwan da babu abin da ya ajiye a ciki? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ganin dole ne kowa ya yarda wasan ya cancanci haɗarinsa. Wanda ya zaɓi ya tsaya a tudu bai yi laifi ba. Amma idan da wannan ma'auni za a auna, sai a auna kowa da shi. Tsakanin wanda ya yi shekaru yana horo, ya sa hula da riga, ya nazarci wurin, ya girke masu ceto, da wanda ya zuba yara hamsin da babura da buhunan hatsi a jirgin katako mai yoyo bayan magariba, wa ya fi kusa da kai rai ga halaka? Malamanmu sun sha faɗa cewa tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi. Kiran sakaci da sunan ƙaddara zalunci ne ga mamatan, domin yana rufe binciken da zai hana a maimaita.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na talauci. Ɗan yawon buɗe ido yana da zaɓi: idan bai ga dama ba ya koma masauki ya sha shayi. Matar da ke son kai kayanta kasuwar Warra ba ta da gada, ba ta da wani jirgin, kuma idan ta ƙi hawa wannan sai wani makon. Sabon kayak kaɗai ya haura dala 1,000, kuɗin da mai fito ba zai tara a shekara ba. Duk wannan haka yake, kuma alhakin gadoji da jirage masu inganci yana wuyan gwamnati. Sai dai idan aka duba abin da ke tsare ran mai kayak, tsadar jirgin ce mafi ƙarancin muhimmanci. Ƙirga mutane kyauta ne. Rubuta sunayensu littafi da biro kawai yake buƙata. Tsayawa idan rana ta faɗi, da yin sawu biyu maimakon ɗaya, kuɗin mai ne da haƙuri. Rigar kariya ce kaɗai ke cin kuɗi, kuma a nan ma ƙungiyoyin kayak sun nuna hanya, domin sabon shiga ba ya sayen komai: ƙungiya ce ke da rumbun riguna da huluna da aka saya da kuɗin karo-karo, ana ba da aro ana karɓa. Masu fito a garuruwanmu suna da ƙungiyoyi, suna karɓar kuɗin tasha kullum. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na Najeriya ta riga ta haramta tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta rigar, amma jami'inta ba zai kwana a kowane mashigi ba. Dokar da ke aiki a Itanda babu ɗan sanda a bayanta. Abokan tafiya ne ke tsare ta, domin kowa ya san ransa na hannun na kusa da shi.

Kwanakin ƙarshe ƙungiya takan gangara ƙasa da Itanda, kuma a nan ne tsofaffin zuwa ke nuna wa sababbi wuraren da babu su yanzu. Madatsar Bujagali mai megawat 250 ta shanye gangaren Bujagali kafin a ƙaddamar da ita a 2012, wurin da mutanen Busoga ke girmamawa a matsayin mazaunin iskokinsu. Madatsar Isimba mai megawat 183, da aka ƙaddamar a 2019, ta haɗiye igiyar ruwan da ake kira Nile Special, wadda saboda ita kaɗai mutane ke tsallako teku, duk da yarjejeniyar da gwamnati ta yi da Bankin Duniya a 2007 ta kare yankin Kalagala. Ba zan ce wasa ya fi wutar lantarki ba. Wanda ya san zaman duhu ba zai faɗi haka ba. Mu ma mun yi irin wannan ciniki a 1968, lokacin da Kainji ta binne gangaren Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta tashi garin zuwa sabon matsuguni. Abin lura shi ne abin da ke biyo baya. Gangare yana gargaɗi da rugugi, kowa ya ji ya shiga taitayinsa. Tafkin madatsa kuwa shiru yake, da kututturan itatuwan da ya nutsar a ƙarƙashinsa, ga faɗin da iska ke tayar da igiya a kansa cikin ɗan lokaci. Warra a bakin tafkin Kainji take, Bagwai a bakin madatsar Watari.

Da yamma akan ga abin da ba a mantawa: jirgin kayak ɗaure a gicciye a bayan babur ɗin haya, wanda suke kira boda boda, matuƙin jirgin na zaune a kansa, ana ratsa jar ƙasa tsakanin gonakin ayaba da rogo, yara na bi da gudu suna ɗaga hannu. A masauki, kafin a ci abinci, ƙungiya takan zauna ta bi abin da ya faru a ranar: wa ya kife, a ina, me ya sa igiya ta makara, me za a gyara gobe. Ana yin haka ko da babu wanda ya ji ciwo. Kafin a kama hanyar Entebbe jagora zai tuna wa kowa cewa ruwan yana da tsargiya, a je a yi gwaji a sha magani bayan an koma gida, a kuma ƙarasa maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai a yi sallama da masu ceto, galibi a bar musu filafili ko riga ko hula a matsayin tukuici, domin kayan na da wuyar samu a can.

Kirana ga Sarakunan Ruwa da shugabannin masu fito ne, daga Yawuri da Warra zuwa Bagwai da duk inda ake tsallaka mutane. Kafin ruwan Agusta ya cika, kowane mashigi ya naɗa mutum ɗaya mai littafi da biro, wanda zai rubuta sunan duk mai hawa, ya san iyakar kowane jirgi, kuma idan ya ce ya isa, maganarsa ta zauna ko da mai gari ne ke jira a gaɓa. A ware wani abu daga kuɗin tasha a riƙa sayen riguna, ko biyar-biyar ne a wata, a fara da na yara.